Inna Tana Jin Komai Ban da Magana

Da safe Rakiya ta shigo gidanmu, ana ɗan yayyafi. Ina tsakar gida ina wanke kofunan koko, Inna Hajo kuma tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan buzu, carbi a hannu. Inna Hajo kakata ce, ita ta haifi Ummana. Tun da aka yaye ni aka kawo ni wurinta a Tudun Wada, iyayena suna can Funtuwa. Mu biyu ne a gidan, sai kaji da wata akuya mai taurin kai.

Rakiya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mahaifiyarta, Iya Zinariya ta Gyallesu, aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta sunkuyar da kai kamar yadda kowa yake yi a gaban Inna.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Sai Rakiya ta ja bakin mayafinta ta rufe baki, ta ƙara yin ƙasa da murya.

"Inna, dama Iya ce Allah ya yi wa rasuwa ɗazu."

"To madalla," in ji Inna. "Ki gaishe ta da kyau."

Kofin da ke hannuna ya suɓuce cikin roba. Rakiya ta ɗago ta kalli Inna, ta kalle ni, sai ta fashe da kuka. Da Inna ta ga kukan ta juyo gare ni da sauri. Na matso gabanta na ce, "Inna, Iya Zinariya ce ta rasu." Ta zuba wa bakina ido. Na sake faɗa. Sai a lokacin ta yi salati, carbin ya faɗi a cinyarta.

Mun je Gyallesu, an yi zaman makoki, Inna ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. Amma magana ta riga ta fita. Rakiya ba da mugun nufi ta faɗa wa yayarta ba, yayar ta faɗa wa wata, kafin a watse duk layinmu an ji cewa Hajo ta fara ruɗewa. Nan take kowa ya tuna da nasa. Wata ta ce ta aiko neman aron turmi, Inna ta amsa da Allah ya ba da lada. Wata ta ce ai ita tun watan jiya ta lura, shiru kawai ta yi.

Labarin ya kai Hanwa, inda Kawu Kailani yake zaune da iyalinsa. Kawu ma'aikacin gwamnati ne, kuma shi ne ɗan farin Inna. Saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa doguwar magana. In ta tashi ambatonsa sai ta ce "mutumin Hanwa". Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofarta, kansa a ƙasa, saman hularsa kaɗai ake gani. Ita kuma sai ta kawar da kai wajen bango. Su gaisa, ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. In akwai saƙo ni ake ba wa, ko da yana nan zaune: "Ki ce wa kawunki kwanon ɗakin girki yana yoyo." Tun da na yi wayo haka na gan su, kuma ban taɓa shakkar cewa duk duniya babu wanda take so kamarsa ba.

Wannan Juma'ar Kawu bai tashi da wuri ba. Bayan gaisuwa ya yi gyaran murya, ya fara magana a hankali, kansa yana ƙasa. Ya ce ya sa an gyara ɗakin da ke kusa da nasu, mai banɗaki a ciki. Ya ce Anti Sumaiya, matarsa, tana gida kullum, za ta kula da ita. Ya ce ni kuma in ina so in bi su, in ba na so in koma Funtuwa. Gidan nan a rufe shi tukuna. Ya daɗe yana jero dalilai, kamar mai jiran a katse shi.

Da ya yi shiru, Inna ta ce, "To. Allah ya yi albarka."

A zaure ya tsayar da ni. Idonsa ya yi ja.

"Kin gani ko? Matar da ko sabuwar buta ka ce za ka saya mata sai an yi mako ana gardama. Yau na ce ta bar gidan mijinta, ta ce to." Ya share fuskarsa da hannun riga. "Ki fara haɗa mata kaya. Ran Asabar ta sama zan zo."

"To, Kawu," na ce. Ni dama abin da na iya ke nan. In babba ya tsare ni da magana harshena nauyi yake yi, sai bayan ya tafi amsoshi su yi ta zuwa mini.

Sai dai zuciyata ta ƙi yarda da maganar ruɗewa. Ina kwana ɗaki ɗaya da Inna. Kullum da hantsi takan karanta izifinta da ka, ni kuma ran da ba makaranta in bi ta da Alƙur'ani a buɗe, ban taɓa kama ta da tsallake aya ba. Ta san ranar kowace kasuwa, ta san wanda ya haifi wane har kaka da kakanni. In na cika gishiri a miya ba ta fasa cewa, "'Yar boko, littafin ne ya ce a zuba haka?"

Kurumta kuma ba a ma maganarta. Tana cikin ɗaki za ta ce, "Kin bar famfo yana ɗiga." Ta san kukan kaza in ta yi ƙwai, ta san kukanta in ta hango shaho. Motoci da babura suna wucewa a layinmu wuni guda, amma motar Kawu tana shawo kwana za ta gyara lulluɓi. Ran nan ma ni ban ji komai ba ta ce in kwashe shanya, ga ruwa nan ya taho ta wajen Tudun Jukun, tana jin sa a kan kwanukan mutane. Ban gama kwashewa ba ya sauko.

Washegarin zuwan Kawu da la'asar tana zaune tana tsintar wake a faifai, ta ba ni baya. Na tsaya a bayanta, na ce a raina bari in gwada ta. Sannan na ce da ƙarfi, "Inna, na fasa miki tangaran ɗin nan da kika zo da shi daga Makka."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "To, 'yar boko. Allah ya yi albarka."

Akwai ƙaramin cokali a hannuna. Na sake shi ya faɗi a siminti.

"Cokalin shayi ne wannan," in ji ta. "Ɗauke shi kafin kaji su taka."

Na zagayo na zauna a gabanta, gwiwata tana taɓa faifan. Ni kaɗai ce nake iya yi mata haka. Jika ce ni, tsakaninmu wasa ne, tun ina ƙarama nake tsare ta da ido ina yi mata tsiwa tana ramawa. Na ce, "Inna, me na ce miki ɗazu?"

Ta kalli bakina. Na maimaita a hankali. Hannunta ya tsaya cak a cikin waken. Can ta ce, "Je ki sakaya ƙofar zaure."

Da na dawo ta ajiye faifan gefe.

"Kin tuna ranar da jiri ya ɗebe ni wajen alwala, bayan Babbar Sallah? Kika ba ni ruwa, na kwanta, na tashi garau? To ban tashi garau ba. Da na farka kina yi mini magana. Na san muryarki ce. Na san a tsorace kike. Amma abin da kike faɗa ya zama kamar ana zuba gero a tire. Na ce gajiya ce, zai wuce. Bai wuce ba."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Bari in gama, ba kullum nake da ƙarfin faɗa ba. Ina jin komai, Bahijja. Ina jin tafiyarki, ina jin ƙofa, ina jin tafasar tukunya. In mutum ya yi magana na san mace ce ko namiji, na san wane ne, na san tambaya yake yi ko faɗa. Kiran sallah na san shi da amonsa. Amma kalmomin, babu. Kin ga waken nan? Da can akwai mai tsinta a cikin kaina, ban ma san da ita ba. Duk abin da kunne ya kawo ta ware, wake nan, tsakuwa nan, ƙaiƙayi nan. Yanzu sauran kayan tana ware su, amma in magana ce sai ta naɗe hannu."

"To ni ya kike gane tawa?" na tambaya, ina nuna bakina.

"Ke ai ba ki da kunya, fuskarki kullum a cikin tawa take. In na ga leɓɓanki ina kama rabi, rabin in cika da sanin halinki. Sauran mutane fa? Kowa ya zo sai ya durƙusa ya ba ni tsakiyar kansa. Matan ma har da rufe baki da mayafi. Me zan karanta a tsakiyar kai?"

"Gaisuwar fa? Kina amsawa daidai."

Ta yi ɗan murmushi. "Gaisuwa ai a jere take kamar carbi. Bayan kwana sai gajiya, bayan gajiya sai gida, in damina ce sai ruwa. Shekara nawa ina amsa ta? Ko barci nake zan iya. In aka wuce nan sai in ce to, in sa albarka. Albarka ba ta ɓata komai." Murmushin ya gushe. "Sai ranar Rakiya."

Na ɗauko faifan na ci gaba da tsintar, don hannuna ya samu abin yi.

A kwanakin da suka biyo baya duk kuɗin katin wayar da nake da shi a binciken larurar Inna ya ƙare. Da Turanci aka rubuta abubuwan, wasu sai na karanta sau da yawa kafin in fahimta. Abin da na tsinta shi ne, kunne ɗan aike ne kawai. Faɗuwar cokali da kukan kaza da sallamar baƙo, a wurinsa duk abu ɗaya ne, iska ce take girgiza. Ƙwaƙwalwa ce take rabawa. Ta fara cewa wannan murya ce, wannan ba murya ba ce. In murya ce ta ce ta wane ce, kuma a wane hali yake. Sannan akwai wani aikin dabam, na yayyanka muryar zuwa ƙananan sautuka da mutum ya koya tun yana goye. Babu mutum biyu da suke faɗin "ba" iri ɗaya, na Kawu mai kauri ne, nawa siriri, na mai mura dabam, amma duk sai ta jefa su wuri guda ta ce "ba" ne. Kuma ashe in muna magana ba ma barin fili tsakanin kalma da kalma. Mai sauraro ne yake sa filin a cikin kansa.

Da na karanta wannan sai na tuna da Sabon Gari. In muka je sayayya, masu shagunan kayan mota suna hira da yarensu, ina jin dariyarsu, ina gane wanda yake tsokana da wanda ya fara hasala, amma maganar a kunnena igiya ce guda mai tsawo, ban san inda kalma ta fara ko ta ƙare ba. Su kuma a wurinsu kowace tana zaune a wurinta. Na yi ta tunanin a ce wata rana ka farka ka tarar Hausa ma ta zama haka, jikarka da ɗanka da mai rediyo duk sun koma baƙin yare. Daga baya da aka kai Inna asibiti, likita ya ce wata 'yar jijiyar jini ce ta toshe a daidai wurin da ake wannan aikin. Ya ce wasu sukan samu sauƙi da sannu, wasu kuma ba sa samu. Amma a lokacin da nake ba da labari ba mu je ba tukuna, kuma Asabar tana matsowa.

Sai da na tsaya na yi tunani sannan abin ya faɗo mini: ranar da Kawu ya yi maganar tashi, kansa a ƙasa yake, ita kuma tana kallon bango. Inna ba ta san za a ɗauke ta ba.

Maganar ta fi ƙarfin karatun leɓe. Na ɗauko tsohon allona na makarantar allo, na dama tawada, na rubuta mata da ajami, don ita ba ta karanta boko. Ta karɓa, ta nisanta shi da idonta.

"Wannan rubutu ne ko kaza ce ta taka tawada?"

Sai ta fara karantawa, tsokanar ta ɗauke daga fuskarta. Ta kai ƙarshe, ta koma farko.

"Ni na ce to?"

Na ɗaga kai.

"A gabanki?"

"Har da albarka."

Ta jingina allon da bango. Ta dubi tsakar gidan, rijiyar da aka rufe da faranti, bishiyar zogale, ɗakin Malam kakana da ba a buɗewa sai za a share.

"Me ya sa ba ki faɗa wa kowa ba tun farko?" na tambaye ta.

"In ce me? In ce na kurumce, alhali ina jin faɗuwar allura? Wa zai yarda? Cewa za a yi iska ce ta taɓa ni, a fara kawo mini masu hayaƙi. Ni da na koya wa rabin matan layin nan karatu, a ce ana magana ina zare ido kamar tunkiya?" Ta gyara zama. "Ke za ki faɗa masa. Ni ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba, ba yau zan fara ba."

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na shirya maganar a bakin rijiya, na maimaita ta a hanyar makaranta. Na kira shi a waya, na gaishe shi, na tambayi Anti Sumaiya da yara, na tambayi aiki. Ya ce, "Akwai wani abu ne?" Na ce babu, dama gaisuwa ce. Da na kashe wayar na ji haushin kaina har na kasa cin abinci.

Ran Asabar da hantsi Inna ta gyara lulluɓi, na san motar ta shawo kwana. Kawu ya shigo da manyan jakunkuna a naɗe a hammatarsa. Ya durƙusa, suka gaisa. Ya leƙa ɗakin ta gefen ido ya ga komai yana inda yake.

"Bahijja, ba na ce ki haɗa kaya ba?"

"Kawu, dama... akwai maganar da..." Na gyara tsayuwa. "Inna ba ruɗewa ta yi ba. Kuma ba ta ji abin da ka ce ba ran nan. Wato ta ji, amma ba ta ji ba. Ƙwaƙwalwa ce, akwai wurin da yake ware sauti, shi ne..."

"Ta ji amma ba ta ji ba." Bai ɗaga murya ba. "Ke kin cika karance-karance. Na san kina son gidan nan, ni ma a nan aka yanke mini cibiya. Amma ki yi tunani. Kina makaranta tun safe har azahar. In ta faɗi fa? In aka yi ihun gobara a layi, ta ce madalla?"

Gaskiya ya faɗa. Na ji hawaye yana taruwa. Na sake farawa daga kunne ɗan aike ne, na ruɗe a tsakiya, na koma maganar Sabon Gari, na ga bai gane inda na dosa ba. Ni kaina na daina ganewa.

Duk wannan Inna tana kallon bakina. Ban san nawa ta kama ba, amma ta ga ina nutsewa.

"Bahijja," ta ce, "ki ce wa kawunki ya ɗago kansa."

Kawu ya ji da kunnensa, amma bai motsa ba. Ina jin ya ɗauka wannan ma cikin ruɗewar ne.

Sai Inna ta juyo daga bango, ta fuskance shi sosai.

"Da kai nake. Ɗago in ga bakinka. Ke, ba shi kujera, durƙuson nan ba zai yi ba."

Na jawo masa 'yar kujerar tsugunne. Ya zauna kamar wanda aka ɗora a kan ƙaya. Ya ɗago, ya sake sunkuyawa, ya sake ɗagowa. Mutum ne mai furfura a gemu, a ofis ana tashi tsaye in ya shigo, amma ga shi ya kasa haɗa ido da ita.

Inna ta faɗa masa komai, kusan kamar yadda ta faɗa mini, sai dai a gajarce, kuma ba ta yi murmushi ba. Da ta gama ta ce, "Yanzu yi magana. A hankali. Kada ka yi ihu, ihu ƙara dagula mini yake."

"Inna, tun yaushe..." ya fara da sauri.

"A hankali na ce. Ana korarka ne?"

Ya sake farawa a hankali. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta bi leɓɓansa da ido har ya rufe baki. "Wannan na kama. Ban faɗa ba don ina jin kunya. Ga shi kunyar ta kusa raba ni da gidana." Ta ɗaga yatsa. "To ɗin da na ce maka ran nan ba tawa ba ce, ban san abin da nake amsawa ba. Na janye ta. Ban taɓa janye magana ba, ka sani, amma wannan na janye."

"A Hanwa za a kula da ke," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya maimaita, na taya shi da nuni, sannan ta gane.

"Na sani. Matarka 'yar albarka ce. Amma ka saurara. A gidan nan ƙofar zaure tana faɗa mini wanda ya shigo. Injin niƙan bayan layi in ya tashi na san hantsi ya yi. In yaran Islamiyya suka fito na san la'asar ta kusa. Na san tarin maƙwabcinmu, na san ranar da ya fi na jiya. Duk waɗannan na haddace su tun kafin abin nan ya same ni, su ne suka rage mini. Gidanka na je na kwana. Tagogi a rufe, talabijin tana magana, yara suna magana, kowa yana magana. In ka kai ni can ka kai ni inda babu abin da zan gane. A nan rabin kurma ce ni. A can sai in zama cikakkiya, kuma ruɗewar da ake faɗa ta zo da gaske."

Kawu ya dubi tsakar gidan. Akuya ta zo tana shinshinar jakunkunan da ya ajiye, ban kore ta ba.

"Asibiti fa?" ya ce.

"Asibiti zan je. Ran Litinin in ka samu dama."

"In Bahijja tana makaranta, wa zai zauna da ke?"

Wannan sai da na rubuta mata a allo. Ta karanta, ta dubi katangar da ke tsakaninmu da su Rakiya. Na ga maganar tana yi mata nauyi, don faɗa wa Rakiya daidai yake da faɗa wa layin gaba ɗaya.

"A kira Rakiya a gaya mata gaskiya," ta ce a ƙarshe. "Dama ina da haƙurin da zan ba ta. Ta riƙa leƙowa. A gaya wa kowa ma. Wanda zai zo gaishe ni ya ɗago kai ya buɗe fuska, na yafe ladabin. Wanda ya ga abin dariya ne ya yi dariyarsa."

Kawu ya kalle ni, ya kalli ɗakin, ya kalli jakunkunan. Ya daɗe yana murza goshinsa da yatsu.

"Shi ke nan," ya ce. "Mu ji abin da likita zai ce. In ya ce za ki iya zama, ki zauna. Amma zan riƙa biyowa kullum in na tashi daga ofis, ba Juma'a kaɗai ba."

"Me ya ce?" Inna ta tambaye ni, don ya sake sunkuyawa a tsakiyar maganar.

"Kawu, sai ka ɗago," na ce. Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba.

Ya ɗago ya sake faɗa, a hankali, tun daga farko. Inna ta gyaɗa kai. Na ɗauke jakunkunan na kai su zaure don ya wuce da su.

Da na dawo suna nan zaune yadda na bar su. Maganar da ta kawo shi ta ƙare, amma bai tashi ba, ita ma ba ta koma kallon bango ba. Ya yi ta neman abin faɗa. Ya ce titin Hanwa ya lalace da ruwan nan. Ya ce ƙaramin ɗansa ya fara rarrafe. Wasu ta kama, wasu suka wuce ta, ba ta nemi a maimaita ba. Kallonsa kawai take yi.

Can ta ɗan matso, ta ƙanƙance ido.

"Buɗe bakinka."

Ya buɗe, kamar yaro a gaban mai magani.

"Ashe haƙorinka ɗaya ya fita ta gefe. Yaushe?"

"An daɗe, Inna. Tun kafin a haifi Bahijja."

Ta kalle ni don in tabbatar mata abin da ta gani a leɓɓansa. Na ɗaga kai.

"Ikon Allah," ta ce. "Ya yi ciwo?"